Ranar da Na Hau Tsani da Abayar Inna

Har yau in aka taru a gidanmu, aka ci aka sha, hira ta yi daɗi, sai wani ya jawo maganar ranar da na sa abayar Inna na hau tsani. Kowa da yadda yake ba da labarin, kuma a bakin kowa ni ce marar kunya. To, na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba su hau ba. Ban zo neman a wanke ni ba. Na san abin da na jefa cikin haɗari, wato hankaki biyu da mahaifiyata ta yi shekaru tana ciyarwa da hannunta, kuma na san haka tun kafin in ɗora ƙafa a kan tsanin.

Gidanmu yana Tandabawi a Makka, can sama inda mota ba ta kaiwa, sai dai ka bar ta a ƙasa ka ƙarasa da ƙafa kana haki. Jingine da dutse aka gina shi. In ka hau saman gidan, wanda muke kira suɗuhu kamar yadda Larabawa ke faɗa, za ka ga dutsen ya ci gaba da tashi a bayanka kamar tsayin mutum biyu. A wani tsagi na dutsen nan hankakan suke sheƙa. Baƙaƙe ne wuluk, ba irin na ƙasar Hausa masu farin ƙirji da Inna take ba mu labari ba. Ita ma labarin aka ba ta, don a Sudan aka haife ta iyayenta suna kan hanyar Hajji, aka shigo da ita Makka a goye. Ba ta taɓa taka Kano ba, amma in tana zancen Kano sai ka rantse jiya ta baro.

Mutanen Makka tattabara suke ciyarwa. Kowane fili ka bi za ka ga an watsa alkama, alhazai na saye suna zubawa don neman lada. Inna ta ce tattabara ta samu gatan duniya, har ta yi ƙiba tana tafiya kamar amarya, shi kuwa hankaka ko saukowa ya yi sai a daka masa tsawa. Ƙanenta, Kawu, tsire yake sayarwa a bakin titi, tsiren nan da Larabawa suka karɓa a hannunmu suka mayar da sunansa siriya. Kullum in ya gyara nama sai ya aiko da guntattakin kitse da jijiya. Inna ta haɗa da ragowar burodi a faranti, in gari ya yi haske bayan Asuba ta hau. Alhaji da Hajiya take kiran su. Alhaji ya fi girma, kuma yatsa ɗaya na ƙafarsa ta hagu a karkace yake. Hajiya ita ce mai kwanci in lokacin ƙwai ya zo, kuma ta fi shi faɗa. Inna za ta riƙe farantin, su sauka a bakin katanga, su miƙo wuya su ci. Bayan rasuwar Baba, da yayyena kowa ya kama gidansa, wannan hawan ne yake tayar da ita daga kan darduma. Da ciwon gwiwarta da komai, ba ta fashi.

Akwai wani abu da kowa a gidan ya sani amma ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kai. Tun da aka fara rushe unguwannin da ke kewaye da mu ana kafa dogayen gidaje, tagogin mutane suka koma leƙon suɗuhunmu. Daga nan Inna ba ta ƙara hawa ba sai da abaya da niƙabi, har da siririn mayafin da ake saukewa a kan ido. Hankakan nan bayan haka suka zo. Ke nan ba su taɓa ganin fuskarta ba ko sau ɗaya.

Ni ce auta. A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin halittu, a ƙarƙashin wata malama da kowa yake kira Duktura. Ita rayuwarta kaf ta ba wa wani ƙwaro da Larabawa ke kira ziz. Mu a gida gyare muke ce masa, amma ba gyaren da ke ɓuya a bayan tulu ba ne. Wannan a kan bishiya yake, kuma sai rana ta take, kowa ya gudu inuwa, sannan yake fara ƙara. Namijin ne mai ƙarar, kuma ba da baki yake yi ba, wata 'yar fata ce a gefen cikinsa take kaɗawa. Kafin ya kai ga haka yakan yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa yana tsotson ruwan saiwa, sannan wata rana ya haƙo ya fito, ya hau jikin bishiya, bayansa ya tsage, ya zare jikinsa ya bar saɓarsa maƙale a wurin kamar riga a rataye.

Saɓar nan ita ce aikina. Mukan fita kwaruruka a bayan gari, kuma Duktura ba ta yarda a buɗe raga ko kwalba sai mun wuce alamun iyakar Harami, don a cikin iyakar ba a farauta, ba a firgita dabbar daji, ba a sare itace. Wannan kowane yaron Makka ya tashi da shi. Ta ce ba ta son a zauna ana musu ko ziz yana cikin hukuncin ko ba ya ciki, gara a yi nesa. In mun wuce, sauran ɗalibai su kama masu rai, ni in bi bishiyoyin ƙaya ina ɓanɓaro saɓa ina zubawa a ambulan. In mun dawo in zauna a gaban madubin ƙara girma ina duba ƙarshen ciki, ina ware maza daban mata daban. Shekara ɗaya da rabi na yi ina wannan. Na iya aikin, kuma ban raina shi ba. Amma ziz bai san ka zo ba, bai san ka tafi ba, ni kuwa abin da nake so in yi nazari shi ne halittar da in na kalle ta za ta kalle ni.

Ana nan sai na ji za a haɗa wata tawaga zuwa tsaunukan kudu, don nazarin wani tsuntsu da ake kira aƙ'aƙ. Dangin hankaka ne, fari da baƙi, mai dogon bindi, kuma irin na ƙasar nan a waɗannan tsaunukan kaɗai yake, ga shi ya yi ƙaranci. Da na nuna wa Inna hotonsa a waya sai ta ce, “Wannan ai hankakan gida ne aka ja masa wutsiya.” Na karanta duk abin da hannuna ya kai a kan 'yan'uwansa na wasu ƙasashe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, in mutum ya taɓa sheƙarsu, sukan riƙe shi, su gane shi a cikin jama'a ko ya sake kaya, su bi shi da ihu. Kuma yawancin masu rubutun fuska suke zargi.

Wata rana muna shan shayi a ofis na ce wa Duktura hankakan mahaifiyata sun san ta, alhali ba su taɓa ganin fuskarta ba. Kafin ta amsa, wata ɗaliba ta yi dariya ta ce wannan hikayar tsofaffi ce, mu 'yan takari komai sai mun sa masa aljani. A asibiti ɗaya aka haife mu da yarinyar nan, amma a bakinta ni baƙuwa ce. Na ajiye kofin don kada in watsa mata. Duktura ta daka mata harara, sannan ta juyo gare ni ta ce tsuntsu yakan saba da wuri da lokaci da faranti, wannan ba sanin mutum ba ne. “Ki kawo mini hujja,” in ji ta, “ni kuma in rubuta miki takarda zuwa ga tawagar kudu.” Na ce ta sa ido.

Na fara da lallami. Na roƙi Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune a gidan da ke fuskantar namu, ta shigo cikin aikin, don tsayinta ɗaya da Inna. Muka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ranarta, lokaci ɗaya, faranti ɗaya, kowa a rufe, kuma na hana magana. Hana Gwaggo magana ya fi komai wuya a aikin nan. Ranar Inna, kafin ta gama rufe ƙofar suɗuhu sun sauka a katanga. Ranar Gwaggo da tawa kuwa sai su zauna a kan tankin ruwa suna kallonmu, sai mun gaji mun ajiye farantin mun sauka sannan su ci. Na kai wa Duktura littafin da nake rubuta abin da na gani, ina ji da kaina. Ta duba ta ce, “Abayoyinku iri ɗaya ne?”

Ba iri ɗaya ba ne. Ta Inna tsohuwar yayi ce, wadda ake ɗorawa tun daga ka, kuma rana da wanki sun ci ta har baƙinta ya koma ja-ja. Tamu ta kafaɗa ce. Sai muka yi musaya. Nan ne abin ya rikice mini. Da Inna ta hau da tawa, sun ɗan yi jinkiri sannan suka sauko suka ci. Da na hau da tata, Alhaji ya sauko katanga, ya dube ni da ido ɗaya, ya juya kai ya dube ni da ɗayan, sannan ya koma kan tanki. Hajiya kuwa ta figi kitse daga farantin da ke hannuna ta tashi. Duktura ta ce abinci yana ɓata gwaji, don mai yunwa ba ya tsayawa tantance hannu. Abin da ba ya ƙarya a wurin tsuntsu shi ne tsoro. In ana son amsa mai ƙarfi sai wani ya taɓa sheƙa, sannan a ga wa za su tsana, kayan ko mutumin. Sai ta ɗaga yatsa ta ce amma ita ba za ta sa hannu a yi wannan a cikin Harami ba, balle a kan tsuntsayen uwata. In nemi wata sheƙar a bayan iyaka.

Wace sheƙar? A bayan iyaka ina zan sami hankakan da suka yi shekaru suna cin abinci a hannun mace mai niƙabi? Abin da nake da shi ba wanda yake da shi, kuma a saman gidanmu yake. Ga Hajiya ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun fara leƙo kai, in suka tashi sai baɗi.

Na sami Inna tana tsinkar ganyen mulukiyya, wato lalo, na faɗa mata. Ba ta ko ɗago ba.

“Esh hada? Mene ne wannan? A Makka? Ki firgita tsuntsu a kan 'ya'yansa?”

Na zo da shirina. Na ce, “Inna, hankaka ba ya cikin waɗanda aka kare. Yana cikin biyar ɗin nan da aka halatta kashewa ko a cikin Harami. Ki tambayi duk malamin da kike so. Ni ko kashewa ba zan yi ba, taɓa sheƙa kawai zan yi in sauko.”

“An halatta, ya binti, ba a wajabta ba. Kuma wancan hankakan jeji ake nufi. Waɗannan baƙina ne, sun ci gishirina.”

“Minti biyu ne fa.”

“Da abayar wa?”

Ta ɗago ta dube ni, kuma na ga ta gane komai, don Inna ba ta yi makaranta ba amma ba a yi mata bayani sau biyu. In na hau da tawa, suka tsane ni, Duktura za ta ce abayar kafaɗa suka tsana. Sai in na hau da ta Inna, suka tsane ni, suka ci gaba da zuwa wurinta, sannan bakin kowa zai mutu. In kuwa kaya suke bi, to shi ke nan, Inna ta rasa su.

“Ke kin yarda sun san ki,” na ce. “To tsoron me kike ji?”

“Ni na sani. Ke ce ba ki sani ba. Don ki sani sai a ɗauki nawa a gwada? Halas. Kada in ƙara jin maganar nan.”

Na yi kunnen uwar shegu da wannan halas ɗin. Kwana huɗu bayan haka Kawu ya zo da hantsi ya tafi da ita asibiti ganin likitan gwiwa, kuma ta fita da abayar unguwa, ta bar tsohuwar a rataye a bayan ƙofa. Na tsaya ina kallon ta na ɗan lokaci. Zan yi ƙarya in na ce zuciya ce ta ɗebe ni, don da hankalina na yi komai. Na sa abayar, na ɗaura niƙabi, na sauke mayafin ido, na zura silifas ɗinta. Na kafa waya a kan taga tana ɗauka. Na ɗauko tsanin ƙarfen da ake hawa duba tanki, na jingina shi da dutsen. Har ɗingishinta na kwaikwaya daga ƙofa zuwa gindin tsanin, don kada in bar wa kowa abin cewa.

Alhaji ne ya fara gani na. Ya yi wani ƙaramin sauti daga maƙogwaro, irin wanda ban taɓa ji ba. Da na kai tsakiyar tsanin sai Hajiya ta faso daga tsagin dutsen, kukan ya cika unguwa. Hawa tsani da abayar ka sai wanda ya gwada, ƙafa tana taka gefen, mayafi yana rufe ido, ga ƙarfen ya ɗauki rana yana ƙona tafin hannu. Na kai. Sheƙar ta fi yadda na zata girma, itatuwa ne da waya da gashin akuya da wani guntun farin ƙyallen harami da suka tsinto. 'Ya'ya uku, bakinsu a buɗe, cikin bakin ja. Na ɗora hannu a bakin sheƙar, na taɓa bayan ɗaya daga cikinsu. Zafi ne da shi, zuciyarsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsana. Nan Hajiya ta sauko mini a ka. Ta sare ni sau biyu ta cikin abayar, na ji ɗumi yana bin bayan kunnena. Na ƙirga sittin a raina kamar yadda na tsara, sannan na sauko. Sai da na yi ɗingishin har bakin ƙofa.

Na wanke jinin da ya taɓa abayar, na shanya ta a ɗaki, na mayar da ita bayan ƙofa kafin su dawo. Na ɗauka ina da kwana ɗaya ko biyu kafin maganar ta fito. Ko shayi Inna ba ta gama sha ba Gwaggo ta faɗo gidan.

“Yaya, haram alaiki! Kullum kina kukan gwiwa, ashe tsani kike hawa? Da idona na gan ki ta taga. Da girmanki, a garin Allah, ki hau ki taɓa 'ya'yan tsuntsu? Na ƙwala miki kira har sau uku, kukan hankakan ya hana ki ji.”

Gwaggo ta fi shekara arba'in da sanin Inna. Tare suka yi goyo, tare suka wanke gawar kakarmu, kuma ita ce ta uku a gwajin da muka yi. Amma ta ga abaya ja-ja da ɗingishi ta ce Inna ce, har tana rantsuwa. Ina tsaye a ƙofar kicin ina ji, kuma Allah ya sani abin da ya fara zuwa raina ba tsoro ba ne. Cewa na yi a zuci, to, mutum dai ya faɗi jarrabawar, saura tsuntsu.

Inna ta ajiye kofi. Ta tashi ta je bayan ƙofa ta shafa abayar, ta ji damshi. Ba ta zage ni ba. Gwaggo ce da ta gane ta wanke ni tas, da Hausa da Larabci, ta ce boko ya cinye mini imani, ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in jira nawa. Na ce mata ruwan ya riga ya doke ni, na nuna mata kaina.

Washegari ta haɗa farantinta kamar kullum. Na zata za ta sa wata abayar, ko tawa, ko ta unguwa, don ta kare kanta. Ta miƙa hannu ta ɗauki tsohuwar. Na laɓe a bayan tagar bene ina kallo. Tana buɗe ƙofa suka tashi da ihu, suna kewaya ta, Hajiya tana saukowa har iskar fukafukanta tana kaɗa mayafin. Inna ta tsaya a wurin da ta saba, ta miƙa farantin. Ta tsaya har rana ta hau katanga. Ba su sauko ba. Ta ajiye farantin ta juyo, da ta zo wucewa ta gabana ko kallona ba ta yi ba. Ranar na shiga bayi na yi kuka, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Ban yi kukan na yi kuskure ba. Na yi kukan yadda na ga ta tsaya.

Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku ba su yi ihu sosai ba, sun dai zauna a kan tanki. Ni kuwa a kwanakin nan na zama abin kallo a unguwa. Da na fito zuwa jami'a da abayata ta kafaɗa, da jaka, da takalmi mai tsini, babu ɗingishi babu komai, Alhaji ya taso daga dutsen ya bi ni yana zagina har ƙasan tudu. Mata uku ne a gabana a kan hanyar, duk a rufe, bai kula ko ɗaya ba. Na ari abayar matar yayana, ya gane ni. Na fita tare da Gwaggo muna jere, ya bar ta ya tsaya a kaina. Ko tafiyata ce, ko faɗin kafaɗa, ko yadda nake riƙe kai, har yau ban tabbatar ba, kuma wannan tambayar ce nake ci da ita yanzu. Na riƙa tafiya ana kallona, hankaka yana tsine mini a sama, ni kuwa ina murmushi a cikin niƙabi.

Rana ta huɗu Inna ta hau, ta tsaya, ta miƙa farantin. Alhaji ya bar tanki ya sauka a ƙarshen katanga. Ya matso kaɗan, ya tsaya, ya sake matsowa da tafiyarsa ta gefe. Ya dube ta da kyau. Sannan ya miƙa wuya ya ɗauki kitse, ya ci a wurin bai tashi da shi ba. Na ga kafaɗun Inna sun sauka.

Hajiya ba ta sauko ba. Ba ta sauko ranar ba, ba ta sauko bayan 'ya'yan sun tashi ba, ba ta sauko da shekara ta zagayo ba. Inna ta gwada wata abayar, ta gwada magana, ta gwada hanta. Duk mace mai baƙin kaya da ta hau suɗuhun nan, Hajiya tana kan tanki tana kallon ta, sai an sauka take ci.

Na kai wa Duktura littafin da hotunan bidiyon da na ɗauka a kwanakin nan. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce ba za a buga wannan a ko'ina ba, tsuntsu biyu ba hujja ba ce, kuma na yi abin da ta hana. Ta yi mini faɗa mai kyau, na tsaya na sha. Da ta gama sai ta sake mayar da hoton baya, wurin da Alhaji ya tsallake mata uku ya nufo ni, ta kalla sau biyu. Ta ce, “Ɗaya ya ware ki daga cikin mutane, ɗaya ta haɗa ku duka ta yi muku kuɗin goro. Me ya sa suka bambanta?” Na ce ban sani ba. Ta ce to ai sai in je in koyo. A satin ta rubuta takardar. Yarinyar nan mai maganar aljani tana zaune a wurin, ban ko dube ta ba, don abin ya riga ya wuce ta.

Na tafi kudu, na ga aƙ'aƙ da idona a cikin itatuwan tsauni, da hazo, da sanyin da ban san akwai shi a ƙasar nan ba. Can muna da izini, muna da tsari, muna da sheƙa fiye da ɗaya. Duk wanda ya tambaye ni yadda na fara, nakan gaya masa gaskiya, wasu su yi dariya wasu su ɓata fuska. Masu cewa da na haƙura da na sami wata hanyar, ina jin su. Ba su taɓa zama a ɗakin da in ka buɗe baki ake jin launin fatarka kafin a ji maganarka ba. Na yi abin da na yi, ya ci wani abu, kuma ba nawa ya ci ba. Wannan na ɗauka, ba na neman wanda zai taya ni.

Inna ta yi wata biyu ba ta yi mini maganar da ta wuce ta abinci da salla ba. Ana gobe zan tafi kudu, da safe, na same ta a kicin tana yayyanka kitse a faranti. Ba ta juyo ba ta ce, “Auta, in aka dawo da ranar nan, za ki sake hawa?”

Na san amsar da take so, kuma da na faɗe ta da an wuce wurin. Na ce, “Zan hau, Inna.”

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da yanka. “Na sani,” ta ce. “Shi ya sa na ce wa kawunki ya zo ya tafi da tsanin.”

Ta share wuƙar a gefen faranti, ta raba kitsen kashi biyu da yatsa, ta sauke mayafin idonta. Na ce in riƙe mata farantin zuwa ƙofar suɗuhu saboda gwiwarta. Ta ce a'a, in tsaya a nan, in Alhaji ya gan ni ba zai ci ba.